Dutsen guga mai wat 1,000: me ya sa ba ya zafi idan wuta ta yi ƙasa, kuma me ya sa wayar batir ke ɗumi?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina koyon aikin wayarin a Zariya. A jikin dutsen gugarmu an rubuta 230V da 1000W. Yaya zan gane amp nawa yake ja, da kuma om ɗinsa? Idan wuta ta zo ƙasa-ƙasa ba ya yin zafi, in kuma mun jona shi a inbata mai batir volt 12 sai wayar batir ɗin ta ɗau zafi sosai. Mene ne dalili?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Allah ya yi wa sana'a albarka. Lissafi biyu ne kawai ke warware tambayoyinka duka.

Ka ɗauki waya kamar tiyon ruwa. Volt shi ne ƙarfin da ke tura ruwan, amp yawan ruwan da ke wucewa, om kuma ƙuncin tiyon, wato turjiyar da wuta ke gamuwa da ita a hanya. Wani Bajamushe mai suna Georg Ohm ne ya wallafa dangantakar waɗannan ukun a 1827: volt daidai yake da amp sau om (V = I × R). Lissafi na biyu na wat ne, wato yawan aikin da wutar ke yi a kowace daƙiƙa: wat daidai yake da volt sau amp (P = V × I).

To mu koma kan dutsenka. Raba 1,000 da 230, za ka samu kusan amp 4.35. Wannan shi ne abin da yake ja. Sai ka raba 230 da 4.35, om 53 ke nan, ko kusa da haka. Za ka iya tabbatarwa da mitarka ta auna om: zare filogin daga soket tukuna, ka murɗa maɓallin zafi har ya yi ƙas, ka ɗora tsinken mitar a ƙafafu biyu na filogin masu ɗaukar wuta. Kada ka taɓa auna om alhali abu yana jone. Mita na iya ƙonewa, kai ma ka ji ciwo.

Abin da nake so ka riƙe da kyau shi ne, a cikin lambobin nan om 53 ɗin ne na dutsen kansa, domin ya dogara ne da tsawo da kaurin wayar da ke cikinsa. Wat 1,000 da aka rubuta alkawari ne mai sharaɗi: sai an ba shi volt 230 cif. Idan taransifomar unguwa ta yi wa kaya yawa da yamma, wuta ta sauko volt 180, om ɗin na nan a 53. Raba 180 da 53, amp ya koma 3.4. Sai 180 sau 3.4, wat 612 kacal. Volt ya ragu da kusan kashi 22 cikin ɗari, amma zafi ya ragu da kusan kashi 39, saboda raguwar ta taɓa volt da amp a lokaci guda. Shi ya sa za ka yi ta goga shadda tana nan a yamutse, alhali dutsen lafiyarsa lau.

Sai dai wannan lissafi ya fi dacewa da kayan da aikinsu zafi ne, irin su dutsen guga, hita da risho na lantarki. Firji da injin ruwa mota gare su, wato injin lantarki mai juyawa, kuma mota kan ƙara jan amp ne idan volt ya faɗi, har ta ƙone. Kada ka auna su da wannan ma'auni.

Maganar inbata ita ce ta fi damuna, domin a nan ake samun gobara. Dutsen na bukatar wat 1,000 ko daga ina wutar ta fito. A ɓangaren soket, volt 230 ne, amp 4.35 ya wadatar. A ɓangaren batir kuwa volt 12 ne kawai, don haka 1,000 raba 12, amp 83 ke nan, kuma a zahiri ya haura haka tunda inbatar ma tana cin nata rabon.

Ita ma waya tana da ɗan om nata. Zafin da take fitarwa shi ne amp sau amp sau om (P = I² × R). A ce ka yi amfani da wayar tagulla mai 2.5mm (wato faɗin bakinta 2.5mm²), irin ta soket, mita biyu zuwa, mita biyu dawowa. Om ɗinta kusan 0.03 ne. Da amp 4.35, zafin bai kai wat ɗaya ba, ko ɗumi ba za ka ji ba. Da amp 83 kuwa, 83 sau 83 sau 0.03 ya haura wat 200, duk a cikin 'yar siririyar waya mai rigar roba. Robar za ta yi laushi, ta fara wari, in aka bar ta ta narke. Wayar 2.5mm ta amp ashirin da 'yan kai ce, ba a yi ta don wannan kaya ba.

Don haka tsakanin batir da inbata ka sa waya mai kauri, kamar 25mm, wadda om ɗinta ya kai kashi ɗaya cikin goma na waccan, ka gajarta ta iya yadda za ka iya, ka ɗaure kawunan tamau, domin sako-sakon ɗauri shi ma om yake ƙarawa. Ka sa fis kusa da batir. In kuma maigidanka zai sake haɗa wata inbata, ka ba shi shawarar tsarin volt 24 da inbatar da ta dace da shi: amp zai koma kusan 42, zafin wayar kuma ya sauko zuwa rubu'in na da.