Amsa ga 'yar uwar da za a yi wa dashen koniya

Wallahi 'yar uwa da na karanta tambayarki, likita ya ce keratokonas ɗinki (ciwon da ke sa koniya, wato fatar nan garai-garai ta gaban ƙwayar ido, ta sirance ta yi tsini) ya kai sai dashe kuma kina tsoron ko ganin zai dawo, sai da na yi ƙwalla, don nima nan na bi da idona na dama.

Wanda har yau raina ke ɓaci in na tuna shi wani mai gwajin ido ne, shekara 4 yana canza min tabarau, ina ce masa fitilun mota da daddare gida uku gida huɗu nake ganinsu, ya ce kallon waya ne ya yi min yawa. A gabansa nake murza idon saboda ƙaiƙayi kamar zan ciro shi, bai taɓa cewa in daina ba, alhali murzar nan ƙara lalata koniyar take. Da tun farko ya tura ni a ɗauki taswirar koniya, da wataƙila kros-linkin (aikin ƙarfafa koniyar da ɗigon magani da haske) kawai za a min ciwon ya tsaya. Sai wata safiya na farka idon ya yi fari kamar hazo ya rufe shi, ruwa ya shige cikin koniyar, na zauna bakin gado ina kuka ina tunanin shi ke nan na makance. Tabon da ya bari ne ya sa aka cire min duka kaurin koniyar aka dasa wata, aikin da ake kira PK kenan, ɗinki 16 da zare wanda ya fi gashi siranta.

Ke ki tambayi likitanki ko irin dashen da ake kira DALK zai yiwu, shi ana barin tantanin koniyarki na ciki, jiki bai cika ƙin karɓarsa ba. DMEK da DSAEK da kike jin ana ta maganarsu, wato dashen tantanin ciki kaɗai, na masu Fuchs ne (ciwon da ke lalata tantanin ciki na koniya) da waɗanda koniyarsu ta kumbura bayan aikin yanar ido, su ne ake sa wa kumfar iska a ce su kwanta rigingine.

Gani yana dawowa, masu irin ciwonmu ma suna cikin waɗanda dashen ya fi karɓa, amma a hankali. Ni sai da na haura shekara kafin a gama cire ɗinkin, kuma har yanzu da kwantak mai tauri (ɗan gilashin da ake ɗorawa a kan ƙwayar ido) nake karatu. Don Allah kar ki daina ɗiga maganin sitiroyid da kanki, ni na yi wannan gangancin a wata na 8, idon ya yi ja yana zafi, haske na damuna, gani ya dushe, saura ƙiris in rasa dashen. In kin ga ko ɗaya cikin alamun nan ki je asibiti a ranar, kuma a riƙa auna miki hawan ido don maganin yana iya ɗaga shi.

Allah ya ba ki lafiya. Ɗaya idon fa, an ɗauki taswirarsa kuwa? Nawa na hagu kros-linkin ɗin ne ya tsayar da shi.