Da gaske ne farar hula na iya mallakar mashingan a Amurka?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina yawan ganin bidiyon Amurkawa suna ɓarin wuta da manyan bindigogi a bayan gari, har da mai jigida, kuma babu kaki a jikinsu. Wani abokina ya ce can ko a kanti sai ka shiga ka saya. Shin haka ne? Me doka ta ce, kuma nawa ake sayensu? Daga wani mai karatu a Gusau.

Amsa: Wa'alaikumus salam. Malam, abokinka ya haɗa abu biyu ne. Bindigar da ake saya a kanti, irin su AR-15, duk jan kunama ɗaya harsashi ɗaya take fitarwa. Ita kuwa mashingan, a dokar Amurka, ita ce wadda jan kunama ɗaya zai sa ta fitar da harsashi fiye da ɗaya. Kamanninsu na iya zama ɗaya sak, amma a gaban doka hanyar jirgi daban, ta mota daban. Farar hula na iya mallakar mashingan ɗin, sai dai ƙofar ƙarama ce, kuma kullum ƙara tsukewa take yi.

Asalin maganar zamanin 'yan dabar Chicago ne, lokacin da bindigar Thompson ta yi ƙaurin suna, musamman bayan kisan mutum bakwai a garejin mota a watan Fabrairun 1929. A 1934 majalisa ta yi dokar da ake kira NFA. Ba ta haramta mashingan ba. Cewa ta yi a yi wa kowace rajista, kuma duk lokacin da za ta sauya hannu a biya harajin dala 200. A wancan lokacin dala 200 kusan kuɗin ita kanta Thompson ɗin ne, darajar wannan kuɗin a yau kuwa ta haura dala 4,000. Har yanzu harajin bai motsa daga dala 200 ba. A 1968 aka hana shigo da su daga waje don sayar wa farar hula.

Inda gizo ke saƙar shi ne 1986. Ana cikin muhawara kan wata doka da akasarinta sassauci ne ga masu bindiga, sai ɗan majalisa William Hughes daga jihar New Jersey ya soko gyara, Shugaba Ronald Reagan ya sa hannu ranar 19 ga Mayu. Daga wannan rana aka rufe littafin rajista. Duk mashingan da aka ƙera bayanta, gwamnati ce kawai da dillalai masu lasisi na musamman za su iya riƙe ta. Wadda aka yi wa rajista kafin nan ita ce ke yawo tsakanin mutane, kuma hukumar ATF, mai kula da harkar, ta ce a 2016 adadinsu bai kai 176,000 ba. A ƙasar da bindigogin hannun jama'a suka fi mutanenta yawa, wannan ba komai ba ne.

To ka ga kaya ba sa ƙaruwa, masu so kuwa kullum ƙaruwa suke. Mafi araha su ne ƙanana irin MAC-10 da MAC-11, waɗanda kafin 1986 'yan ɗaruruwan daloli ne, yanzu sai ka tanadi sama da dala 10,000. M16 tana kamawa daga kusan dala 30,000 zuwa sama, Thompson ma kusan nan take. Masu jigida irin M60 sun ninka haka. Wani abin mamaki, a wasu lokuta abin da ke da rajistar ɗan guntun ƙarfe ne da bai kai yatsa ba, wanda ke mayar da bindiga mashingan, lambar da ke jikinsa ita ce ake biya wa dubban daloli. Shi ya sa da yawa daga masu su attajirai ne da ke ajiye su kamar yadda ake ajiye fili.

Sayen ma ba a tsaye ake yi ba. Dole jihar da mutum yake ta yarda, domin jihohi irin su New York da Illinois da Hawaii sun haramta wa farar hula gaba ɗaya. Dole ya cika shekara 21 idan daga dillali zai saya, kuma ba shi da tarihin babban laifi. Zai cike takardar da suke kira Form 4, ya haɗa hotonsa da zanen yatsunsa, ya aika wa shugaban 'yan sandan yankinsa kwafi, FBI ta bincike shi. Yawanci ya riga ya biya kuɗin bindigar, amma tana kulle a wurin mai sayarwa har takardar ta dawo da tambarin haraji a manne. A da jiran yakan kai kusan shekara, yanzu da ake yi ta intanet ya ragu sosai. Ko bayan ya karɓa, ba zai tsallaka da ita wata jiha ba sai da izinin ATF a rubuce. Wanda aka kama da marar rajista kuwa, ko da bindigarsa ta halal ce ya sauya mata aiki, yana fuskantar ɗaurin da zai kai shekara 10 da tarar da za ta kai dala 250,000.

Sai kuɗin ci da ita. M16 kan zazzage harsashi 30 cikin daƙiƙa uku ko ƙasa da haka. Wannan ne ya sa da yawa daga cikin bidiyon da kake gani a filayen koyon harbi ake ɗaukarsu, irin na Las Vegas, inda mai lasisi ke ba da haya, a yi harbin minti biyu a biya a tafi. Bindigar ba ta mai harbin ba ce.

Tunda daga Gusau kake, na san inda tambayar ta dosa. Dokar bindigogi ta Najeriya, wadda asalinta ta 1959 ce, ta kasa su gida uku. Harba-ruga da adaka suna hannun kwamishinan 'yan sanda na jiha, bindigar farauta mai baki ɗaya ko biyu tana hannun Sufeto Janar. Mashingan da bindigogin soja irin AK-47, har ma da fistol, suna sahun haramtattu, shugaban ƙasa ne kaɗai ke da ikon ba da lasisinsu. Za ka tuna a watan Yunin 2022 gwamnatin Bello Matawalle ta ce jama'ar Zamfara su nemi lasisi su kare kansu, babban hafsan tsaro na lokacin, Janar Lucky Irabor, ya fito ya ce gwamna ba shi da wannan hurumin. Kada wani ya ce zai samo maka takardar AK a kan kuɗi. Wanda aka kama da haramtacciyar bindiga a Najeriya, abin da dokar ta tanada shi ne ɗaurin da bai gaza shekara 10 ba.