Amsa: Me ya sa selerin ganye ya fi na kara ƙamshi?

Hajiya, kin ce selerin da kika shuka a bayan gidanki nan Katsina, mai siririn kara da yawan ganye, ya fi wanda kike sayowa a kasuwa ƙamshi nesa ba kusa ba. Ba hancinki ke yaudararki ba, iri ne daban.

Ƙamshin seleri daga wasu sinadarai yake fitowa da ake kira fatalayid, musamman sedanolayid da butil-fatalayid. Ɗan kaɗan ya isa ya cika kicin. Akwai kuma limonen, wanda ke cikin ɓawon lemu, shi ya sa idan kika murje ganyen a yatsa kike jin wani ƙamshin lemu-lemu. Masana suna tatso man da ke cikin selerin ne, mai ɗauke da ƙamshin, su sa a wata na'urar ɗakin bincike da ake kira GC-MS, ta rarrabe sinadaran ɗaya bayan ɗaya.

Na kasuwa mai kaurin kara an zaɓo shi ne don ruwa da garɗi, ana cinsa ɗanye. Naki kuwa na miya ne, kuma ganye ya fi kara tara mai. Ni dai a farfesu sai daf da saukewa nake zubawa, don limonen saurin bin tururi gare shi.