Fatawa: Ƙaurace wa sayen man fetur don a karya farashinsa

Tambaya: Assalamu alaikum. Allah gafarta Malam, ni direban keke napep ne a Agege, Legas. Wani saƙo yana ta yawo a wayoyinmu cewa kowa ya daina sayen fetur kwana uku domin a tilasta wa masu gidajen mai su sauke farashi. Wasu a tasharmu sun ce duk wanda ya fita aiki a kwanakin nan ya ci amanar talakawa, har ana zancen tare hanya. Ni kuwa kullum sai na kai wa mai keke balas, ga iyali. Shin wannan ƙauracewa ta halatta, kuma tana sauko da farashi? Ina da laifi idan na fita?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah ya yi wa nemanka albarka, ɗan'uwa, ya yaye mana wannan tsanani.

Ciniki a Musulunci ya ginu a kan yarda, kamar yadda aya ta 29 ta Suratun Nisa'i ta shardanta cewa fatauci ya kasance bisa yardar juna. Saboda haka babu wanda shari'a ta wajabta wa sayen hajar da farashinta bai kwanta masa ba, kuma idan jama'a suka haɗa baki suka bar ta da nufin kuɓuta daga cutarwa, aikinsu halal ne. Bukhari da Muslim sun ruwaito cewa Sumamatu bin Usal, shugaban mutanen Yamama, da ya musulunta ya gaya wa Ƙuraishawa cewa ko ƙwayar alkama ɗaya ba za ta zo musu daga Yamama ba sai da izinin Annabi (SAW). Wannan matsin lamba ne ta hanyar kasuwa, kuma ba a hana shi ba.

Halacci dai abu ne daban, amfani kuma daban, a nan ne nake son a tsaya a yi tunani. Masu yaɗa irin wannan saƙo sukan kawo maganar Ibrahim bin Adham, ɗaya daga cikin magabata, da aka ce masa nama ya yi tsada, ya ce ku arahantar da shi, ma'ana ku daina saye. Magana ce mai kyau, amma mutum yana iya yin wata guda bai ɗanɗana nama ba kuma ya rayu lafiya. Akwai wani asari, wato labari daga sahabbai, da ya fi bayyana sirrin al'amarin: an ruwaito cewa zabibi ya yi tsada a Makka, aka rubuta wa Sayyidina Aliyu (RA) yana Kufa, sai ya amsa cewa su arahantar da shi da dabino. Bai ce su haƙura kwana uku su koma ba, ya nuna musu abin da zai maye gurbinsa, domin mai sayarwa ba ya sauke farashi sai ya ga mai saye ya sami mafita ta dindindin.

To ina dabinon fetur ga mai keke a Agege, ko mai kawo tumatir kasuwar Mile 12, ko tela mai dogaro da janareta? Wanda ya ƙi saye Litinin zuwa Laraba, ko dai ya cika tanki ranar Lahadi ko ya cika ranar Alhamis, litar da gidan mai ya sayar a makon ba ta ragu ba. Na taɓa tsayawa a wani gidan mai a daren da ake jita-jitar yajin aiki, layi ya miƙe har ya toshe titi, kowa da jarka a hannu, washegari kuma 'yan bumburutu suka jera galan a bakin hanya suna sayarwa yadda suka ga dama. Talakan da aka ce za a taimaka shi ne ya biya wannan ƙarin.

Sannan tsadar ba daga mai gidan mai ta faro ba. Tun da shugaban ƙasa ya sanar da cire tallafi ranar 29 ga Mayu, 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa kusan 500 cikin 'yan kwanaki, kuma kafin ƙarshen 2024 ta haura naira 1,000 a wurare da dama. Ɗanyen mai da dala ake yi masa farashi a kasuwar duniya, naira kuma ta faɗi warwas bayan an sake ta a watan Yunin 2023. Ko matatar Dangote da ke Lekki, wadda ta fara fitar da fetur a Satumban 2024, da farashin duniya take lissafin ɗanyen man da take tacewa. Wasu za su tuna Janairun 2012, lokacin da lita ta tashi daga naira 65 zuwa 141, masu zanga-zanga suka cika Ojota a Legas, aka sauko da ita 97. Wancan yajin aiki ne na ƙungiyoyin ƙwadago a kan gwamnati, a zamanin da ita ce ke yanka farashi, kuma an rasa rayuka a cikinsa. Ba a yin ƙiyasin wannan a kan wancan.

Inda ƙauracewa take cizo shi ne idan an nufi gidan mai guda da aka tabbatar yana tauye lita ko yana ɓoye mai har ya yi tsada. Allah ya yi wa masu tauye mudu narko a farkon Suratul Muɗaffifin, kuma a hadisin Muslim babu mai ɓoye kaya sai mai saɓo. A nan gidan mai na gaba shi ne dabinonku. Sharaɗi shi ne a tabbatar kafin a ambaci sunan kowa, a kuma kai ƙara ga hukumar da ke sa ido kan gidajen mai, domin ko da yake Annabi (SAW) ya ƙi ƙayyade farashi lokacin da kaya suka yi tsada a Madina, malamai irin su Ibnu Taimiyya sun bayyana cewa wajibi ne shugaba ya sa baki idan tsadar ta zo daga haɗin bakin 'yan kasuwa. Haka nan rage shan mai na dindindin yana da tasiri a aljihu ko da farashi bai motsa ba: shiga jirgin ƙasan da ke tsayawa a Agege, haɗuwa a mota ɗaya, ko mayar da keke mai amfani da iskar gas ta CNG a wurin ƙwararru, ba a wurin masu haɗa tukunyar jabu ba.

Game da kai kuwa, babu laifi a kanka idan ka fita. Balas alkawari ne da ke wuyanka, ciyar da iyali wajibi ne, ƙauracewa kuwa iyakarta halacci, kuma ba a barin wajibi saboda abin da yake halal kawai. Wanda ya zaɓi ya ajiye kekensa ba a zarginsa. Amma tare hanya, fasa gilashi, ƙwace makulli ko kiran musulmi maci amana don ya fita neman abincin 'ya'yansa, duk haramun ne, saboda hadisin da ya ce babu cuta babu cutarwa. Ina roƙon shugabannin tasharku su faɗi wannan a fili tun kafin ranar ta zo, musamman da yake a Legas rigimar da ta faro daga tashar 'yan Arewa takan rikiɗe ta zama ta ƙabilanci cikin sa'a guda.

Wallahu a'alam.