Amsa ga tambayar Hajiya kan 'yancin Indiya

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Hajiya, na saurari tambayarki cewa ashe Indiya ta sami 'yancin kai a 1947 ba tare da zubar da jini ba, tunda Gandhi bai ɗauki makami ba. A fahimtata, abin da kike son sani shi ne su wane ne suka tsaya gaban bindiga hannu rabbana, kuma wannan ya daɗe yana ci mini rai, domin malamin tarihinmu bai taɓa ambata mana kowa ba sai Gandhi da Nehru.

Akwai wata tsohuwa, Matangini Hazra, 'yar ƙauyen Hogla kusa da garin Tamluk a yankin Bengal. Ba ta yi makaranta ba, an aurar da ita tana yarinya ga wani dattijo, ya rasu ya bar ta tana da shekara 18. Da hannunta take kaɗin auduga domin kada ta sa yadin Ingila, kuma da annobar agana ta ɓarke a yankin, ita ce take shiga gidajen da ake gudu tana jinyar marasa lafiya. Saboda haka mutane suka riƙa kiranta Gandhi Buri, wato tsohuwa Gandhi, kuma ni na tabbata wannan jinyar ce ta sa suka yarda su bi ta daga baya.

A farkon shekarun 1930 aka ɗaure ta saboda karya dokar gishiri, wato dokar Turawan mulkin mallaka ta hana 'yan ƙasa haɗa gishiri da kansu. A'a, bari in gyara: a kan gishiri kama ta aka yi aka sake ta, abin da ya kai ta kurkukun Baharampur na wata 6 shi ne adawa da harajin masu gadi. Ki dubi wannan haraji da kyau, Hajiya. Talakan ƙauye ne ake tilasta wa biyan albashin mai gadin da zai je ya kai rahotonsa ga 'yan sanda, wanda bai biya ba kuma a kwashe masa kayan ɗaki. Wato da guminka ake ciyar da mai tsegunta ka, kuma har yau idan na tuna sai raina ya ɓaci.

Ranar 29 ga Satumba 1942 ta jagoranci mutane kimanin 6,000 zuwa ofishin 'yan sandan Tamluk a zanga-zangar neman Turawan Ingila su bar Indiya, tana da shekara sama da 70. Aka ce su watse, ta matsa gaba, aka harbe ta sau 3, ta faɗi tutar masu neman 'yancin Indiya tana hannunta. A watan Disamba na shekarar mutanen Tamluk suka kafa gwamnatinsu da ta kai har 1944, amma wannan sai na dawo daga sallar la'asar zan yi miki bayaninta.