Amsa kan tambayar Samanja

Assalamu alaikum 'yan gida. Ƙanena, na ji tambayarka, wai Samanja, tsohon ɗan wasan kwaikwayon nan, ɗan Kannywood ne ko kuwa? Ai na gane inda ka dosa, so kake ka ce da bidiyon Kano wasan Hausa ya fara. To wallahi ba haka ba ne. Turmin Danya da ake lissafawa a matsayin fim ɗin bidiyon Kano na farko, a 1990 ya fito. Lokacin Samanja ya daɗe da yin suna a rediyo da talabijin na Kaduna, har dandamali yana hawa.

Usman Baba Pategi sunansa. Banufe ne, ɗan gidan sarautar Pategi a jihar Kwara, haihuwar 1942. Kuma soja ne na gaske fa, ya sa kaki zamanin yaƙin basasa. Shi ya sa in ya ƙame a Samanja Mazan Fama, ya zare ido, ya daka wa ƙaramin soja tsawa da Hausar bariki gauraye da buroka, ba za ka ce wasa ba ne. A bariki ya ji ta da kunnensa. Kuma ku lura, a lokacin sojoji ke mulki, talaka in ya hango kaki canza hanya yake, amma bawan Allahn nan ya shigo da mu har cikin bariki, muka ga ashe soja ma yana da iyali da rigimar maƙwabta. Mu yara tabarma muke shimfiɗawa a tsakar gidan maƙwabcinmu, talabijin baƙi da fari, in an ɗauke wuta a jona batirin mota.

Abin da ke ci mini rai, ina kaset ɗin? Na taɓa zuwa wani gidan talabijin neman tsofaffin wasanni, ma'aikacin ya ce mini wai an ɗora wasu shirye-shirye a kai. An goge! Aikin shekara da shekaru, saboda kuɗin kaset. Ga Kasimu Yero ma, wani tsohon ɗan wasan talabijin, ya rasu 2017, shi ma nasa... to bari dai in bar wannan, raina zai ɓaci.

Samanja ya rasu a Kaduna ranar 12 ga Nuwamba 2023, yana da shekara 81. Allah ya jiƙansa da rahama. Don Allah duk wanda ke da tsohon kaset ɗinsa a gida, ko na rediyo ne, ya yi mini magana ta gefe, ni zan biya kuɗin juyawa.