Ga Malama, kan taron da aka kira ba a zo ba

Assalamu alaikum. Malama, kin tambaya yadda za ki sa masu zuwa ɗakin karatunku su sa baki a tsarin aiki, tunda kin kira taro kujeru suka wuni babu kowa. Na daɗe ina kula da wani ƙaramin ɗakin karatu na unguwa a nan Garwa, a arewacin Kamaru, kuma na sha wannan.

Da fari akwatin shawara muka ajiye bakin ƙofa, da takardar tambayoyi da Faransanci. Ranar da na buɗe shi ƙura na tarar, sai 'yan takardu daga ɗaliban lise, wato makarantar sakandare. Laifinmu ne. Mutanen unguwa Fulatanci da Hausa suke yi, dattawa da yawa kuma ajami suka iya.

Muka koma taro, aka cika, amma da babba ya yi magana shi ke nan. Yaro ba ya musa wa sa'an mahaifinsa, mata na can baya sun sunkuyar da kai, kowa ya ce madalla aka watse. Kunya ce, kada ki ɗauka ba su da ta cewa.

Sai muka raba zaman. Samari daban, ran Laraba da yamma da ba a makaranta. Wata 'yar'uwa kuma ta riƙa shiga gidaje bayan la'asar, ta zauna kan tabarma ana tsinkar zogale ana hira. A nan muka ji abin da ya ba ni kunya: muna rufewa ƙarfe 3:30 kamar ofisoshin gwamnati, daidai lokacin da yara ke tasowa. Ga shi a watan Maris da Afrilu zafi kan haura digiri 40, jarrabawar sakandare ta BEPC da Probatoire da Bac na ƙaratowa. Ba sababbin littattafai suka roƙa ba. Fitila mai aiki da hasken rana suke so saboda ɗaukewar wuta, da randar ruwa, da tsofaffin takardun jarrabawa.

Inda na yi kuskure babba shi ne alkawarin kwamfuta, alhali kuɗin bai zo hannu ba. Shekara ta zagayo, wani yaro ya dube ni ya ce, "Baba, in babu, a daina tambayarmu." Har yau maganar na cina.

Yanzu kafin a fara zama nakan rubuta a allo sefa nawa ke hannunmu, su zaɓi abu biyu a ciki. Wanda aka yi in soke shi a gabansu, wanda ya gagara in faɗi dalili.